'Yan dakon da ke cikin jijiyoyinmu

Na baya, kuna ji? To, madalla. Abubuwa uku zan taɓo in lokaci ya yarda.

Na farko. Akwai ƙwayar jijiya wadda gangar jikinta ke cikin lakar gadon baya, amma jelarta ta miƙe har babban yatsan ƙafa. Kusan mita guda, ƙwaya ɗaya fa! Yawancin abin da bakin jelar nan ke buƙata a can sama ake ƙera shi. To wa zai kai? Sai 'yan dako.

Wanda na fi ƙauna cikinsu wani furotin ne, sunansa kinesin. A 1985 Ron Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano shi a Woods Hole ta Amurka, cikin jijiyar wata dabbar teku, sikwid, don tata jijiyar kauri gare ta, har ido na ganinta. Ƙafa biyu gare shi, kaya a ka, yana bin wani siririn bututu kamar layin dogo. Takawa yake yi, jama'a, takawa! Ƙafar baya ta wuce ta gaba, kamar ni da ku. Kowane taku nanomita 8 (mita guda nanomita biliyan ɗaya ce), kuma kowane taku sai an biya shi ƙwayar makamashi ɗaya, ATP. Ba ya bin bashi. Malam na ga kana dariya, ai ɗan acaɓa ma ya fi shi sauƙin kai. Ku lissafa, mita guda taku miliyan 125 ke nan. Shi kuma bayan taku ɗari ko makamancin haka yakan saki layin, shi ya sa sukan taru a kan kaya ɗaya. Takawa fa!

Ina muka tsaya? Yauwa, akwai wani ɗan dakon, dainin, mai dawo da shara da saƙonni sama. Na uku... ko na biyu ne? Cuta dai. A cutar mantuwa ta Alzaima, furotin tau da ke riƙe layin sai ya saki, ya dunƙule, hanya ta lalace. A 2018 kuma an danganta tangarɗa a kinesin mai suna KIF5A da cutar ALS, mai shanye tsoka. In kaya ya daina isa, daga can ƙarshe jijiya kan fara mutuwa.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko baƙo na iya hawa kan 'yan dakon nan. Ƙwarai! Ƙwayar cutar haukan kare haka take yi. Daga wurin cizon take kama dainin ya kai ta ƙwaƙwalwa, shi ya sa cizon fuska ya fi na ƙafa saurin illa, tafiyar gajera ce. A wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a yi allura tun tana hanya. Wa kuma ya ɗaga hannu can?