Rawaya, ruwan goro, ja: me launin gargaɗin guguwa yake faɗa maka?

[Hoto: taswirar Ayilan da Birtaniya, an shafe wani ɓangare da ja]

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Wannan taswirar gargaɗin guguwa ce ta ranar Alhamis, 23 ga Janairun 2025. Ku ga tsibirin Ayilan, ja wur daga kudu har arewa. Ku ga tsakiyar Sikotilan, inda Glasgow da Edinburgh suke, nan ma ja.

[Hoto: taswirar farkon makon]

Ga kuma wadda hukumar yanayi ta Birtaniya, wato Met Office, ta fitar a farkon wancan makon, kan guguwa ɗaya, kan rana ɗaya. Rawaya ce kawai.

Duk lokacin sanyi sai tambayar nan ta dawo a tsakanin 'yan uwanmu da ke can, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu tuƙi, har da iyayensu da ke gida suna bin labari a waya. Idan abin zai kai haka, me ya sa aka fara da rawaya? Ba su sani ba ne, ko kuwa daga baya suka canja magana? Wani kuma sai ya ce, ai makon jiya ma an ba da rawaya, ko ganye bai faɗi ba.

Duk su biyun abin da suka gani suka faɗa. Wuri ɗaya ne ake kuskure, kuma nan za mu daɗe yau. Amma bari mu fara ganin guguwar tukuna.

[Bidiyo: dusar ƙanƙara a titunan New Orleans, sannan hoton tauraron ɗan'adam na gajimare yana murɗewa a kan teku]

Daga Amurka abin ya faro. A wancan makon wani mugun sanyi ya gangaro har kudancin ƙasar, har dusar ƙanƙara ta rufe New Orleans, garin da bai saba ganinta ba. Sanyin ya haɗu da ɗumin da ke kan Tekun Atilantika, sai iskar nan mai gudu a can sama, a tsayin da jirage suke bi, ta ƙara wuta. Ita ta ɗauko guguwar ta ƙetaro da ita teku, tana tafe tana ƙara ƙarfi cikin sa'o'i kaɗan. An sa mata suna Éowyn, ita ce ta biyar da aka raɗa wa suna a zangon guguwa na 2024 zuwa 2025.

[Bidiyo: igiyar ruwa tana dukan gaɓa, bishiyoyi kwance a kan hanya, turakun lantarki a karye]

Da asubahin Juma'a, 24 ga wata, ta sauka a yammacin Ayilan. A tashar awo ta Mace Head da ke yankin Galway, an auna bugun iska da ya haura kilomita 182 a awa, adadin da ba a taɓa wucewa ba a ƙasar tun 1945.

Ku kalla kawai.

[Bidiyo ba magana, daƙiƙa goma: babbar rumfar wasanni ta Connacht a yankin Mayo, iska ta yayyage ta]

Gidaje da gonaki da shaguna 768,000 suka rasa wuta a Jamhuriyar Ayilan. A Ayilan ta Arewa, sama da 280,000. Da wuta ta tafi, injinan tura ruwa suka tsaya, famfo ya ƙafe a dubun-dubatar gidaje. Turakun sadarwa suka mutu, mutum bai iya kiran kowa ba. Akwai ƙauyukan da suka haura mako biyu kafin wuta ta dawo, cikin tsakiyar hunturu, a gidajen da ɗumamarsu ma da lantarki take aiki. A yankin Donegal bishiya ta faɗo wa wani saurayi ɗan shekara 20 a cikin mota, ya rasu. A Sikotilan ma an rasa wani matashi ta irin wannan hanya.

To, mu koma ga rawayar nan.

[Zane: allo mai gida huɗu a tsaye, huɗu a kwance]

Ku matso kusa da wayarku, nan ne wurin. Yawancinmu muna ɗaukar launukan nan a matsayin ma'aunin ƙarfin iska: rawaya iska kaɗan, ruwan goro iska mai ɗan ƙarfi, ja kuma babbar iska. A Birtaniya ba haka ake zaɓen launi ba. Tun 2011 Met Office tambaya biyu take yi kafin ta shafa launi a taswira.

Ta farko: idan abin ya faru, ɓarna nawa zai yi? Ita ce layin nan na kwance. Daga hagu ɓarna 'yar kaɗan, zuwa dama ɓarna mai yawa.

Ta biyu: wane tabbaci muke da shi cewa zai faru a nan? Ita ce layin tsaye. Daga ƙasa tabbaci kaɗan ƙwarai, zuwa sama tabbaci mai ƙarfi.

Inda amsoshin biyu suka haɗu, nan launi yake. Gida goma sha shida ke nan. Yanzu ku nemo ja.

[Zane: gida ɗaya a kusurwar sama ta dama ya haska]

Ɗaya tal. Sai ɓarnar ta kasance mafi girma, kuma tabbacin ya kasance mafi ƙarfi, sannan a ba da ja. Shi ya sa ba a cika ganinsa ba, kuma shi ya sa ba ya fitowa da wuri. Jan da aka ba Ayilan ta Arewa a kan Éowyn shi ne na farko da ta samu tun da aka fara wannan tsari.

Yanzu ku nemo rawaya.

[Zane: gidaje biyar sun haska, a warwatse]

Biyar, kuma ba a wuri ɗaya suke ba. Ku dubi waɗannan biyun na sama ta hagu. Ma'anarsu: mun tabbata iska za ta zo, amma ɓarnarta kaɗan ce. Jirgin ƙasa zai makara, kwandon shara zai kife, lemarka za ta juye. Wannan ita ce rawayar da mutumin nan ya gani makon jiya, ya ce ko ganye bai faɗi ba.

Ku gangaro nan kuma, kusurwar ƙasa ta dama. Ita ma rawaya ce, launi ɗaya sak. Amma abin da take cewa shi ne: akwai abin da zai iya kwashe rufin gida, ya kashe mutum, sai dai har yanzu ba mu tabbatar ta inda zai bi ba.

Launi ɗaya, magana biyu da suka yi hannun riga.

Manomi a ƙasarmu ya san wannan sarai. Hadari ya haɗo a gabas, baƙi ƙirin, da nisa. Zai iya saukowa a kanka, zai iya kaucewa ya zuba a garin gaba. Nisansa bai rage masa girma ba, kuma mai hankali tun a lokacin yake kwashe shanya.

Abin da ya faru da Éowyn ke nan. A farkon mako guguwar ba ta ma gama haɗuwa ba, tana can wajen gaɓar Amurka. Masu hasashe ba sau ɗaya suke sa kwamfuta ta lissafa yanayi ba. Suna maimaita lissafin sau da yawa, kowane karo da ɗan canji a bayanan farko, su ga inda sakamakon zai karkata. Idan saura kwana huɗu, hanyoyin a baje suke: wannan ya kai ta arewa, wancan ya kawo ta kudu.

[Zane: layuka da yawa a kan teku, suna matsowa kusa da juna]

Kowace rana layukan suna ƙara haɗewa. Ku lura da alamar nan a allon: tana can ɓangaren babbar ɓarna, hawa sama kawai take yi. Rawaya. Ruwan goro ranar Laraba. Ja ranar Alhamis. Ba ra'ayi suka sauya ba, tabbaci ne ya ƙaru.

Da yammacin Alhamis ɗin, wayoyi kusan miliyan 4.5 a Sikotilan da Ayilan ta Arewa suka ɗauki ƙara lokaci guda, har waɗanda aka kashe wa sauti.

[Sauti: ƙarar gargaɗin gaggawa]

Wanda yake cikin bas a lokacin ya san yadda kowa ya zabura yana lalube aljihu. Saƙon ya ce a zauna a gida. An rufe makarantu, an tsayar da jiragen ƙasa a Sikotilan gaba ɗaya, manyan shaguna suka kulle.

Saura abu biyu, zan bi su da sauri.

Na farko, tsibirin Ayilan hukuma biyu ke ba shi gargaɗi. Arewa tana ƙarƙashin Met Office, Jamhuriya kuma tana da tata, Met Éireann. Launukan sun yi kama, amma ta Jamhuriya ta fi jingina da adadi: bugun iska daga kilomita 90 zuwa 110 a awa rawaya, 110 zuwa 130 ruwan goro, sama da 130 ja. Kuma Birtaniya da mil take awo, Ayilan da kilomita. Mil 100 da aka auna a Drumalbin ta Sikotilan ran nan, kilomita 160 ke nan. Kada ka ga 100 ka ga 160 ka zaci iska biyu ce.

Na biyu, adadin da manhajar wayarka take nunawa sau da yawa matsakaicin gudun iska ne. Wanda ke karya bishiya kuwa shi ne bugun nan na daƙiƙa uku, wanda ke zuwa farat ɗaya. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura bango da shi sau huɗu yake ninkawa.

[Bidiyo: layi biyu a gari ɗaya, ɗaya lafiya lau, ɗaya bishiya ta danne motoci]

Ku dubi nan. Gari ɗaya, launi ɗaya a taswira. Wannan layin ko gilashi bai fashe ba, wancan an kasa wucewa. Taswira ba ta san tsohuwar bishiyar da ke ƙofar gidanka ba. Ba ta san ƙasar ta sha ruwa mako guda, saiwa ta saki ba. Ta inda iskar ta ɓullo ma yana da tasiri. Bishiyoyin Birtaniya sun girma ne suna jure iskar kudu maso yamma. Da guguwar Arwen ta zo ta arewa a Nuwamban 2021, sai ta kwantar da miliyoyinsu a Sikotilan, wasu gidaje suka haura mako babu wuta.

A nan zan faɗi ra'ayina, domin abin yana damuna. Masu hasashe sun yi aikinsu a kan Éowyn, kuma na yi imani gargaɗin ya ceci rayuka masu yawa. Amma allon nan mai gida goma sha shida, wanda shi ne zuciyar maganar, ba ya fitowa a taswirar da ake yaɗawa a WhatsApp. Sai ka shiga cikin gargaɗin ka gangara ƙasa kafin ka gan shi. Ma'aikaciyar jinya da ta fito aikin dare, ta leƙa waya a tashar bas, launi kawai za ta gani. A Nuwamban 2024, lokacin guguwar Bert, kogin Taff ya cika ya shiga gidaje a Pontypridd ta yankin Wales alhali gargaɗin ruwan sama rawaya ne, kuma shugabannin yankin sun fito sun koka a kan haka. Ni a ganina, duk rawayar da take ɓangaren babbar ɓarna ya kamata a rubuta mata jimla ɗaya a saman taswira, da manyan baƙaƙe: wannan na iya zama babba, a sake dubawa gobe.

Kafin a kai ga haka, kai ne za ka yi wa kanka. Ka ga rawaya, ka taɓa ta ta buɗe.

[Hoton allon waya: yatsa yana gangarawa cikin gargaɗi]

Ga lokacin farawa da ƙarewa. Na Ayilan ta Arewa ran nan daga ƙarfe 7 na safe ne zuwa 2 na rana, na Sikotilan daga 10 na safe zuwa 5 na yamma. Ga jerin abin da ake sa ran zai faru, a nan za ka ga ko an ambaci haɗari ga rai. Ga kuma allon, da alama a gida ɗaya. In alamar tana hagu, ka ɗauki rigar ruwa ka tafi harkarka. In tana dama, ko da a can ƙasa take, yau ne ranar cajin waya da fitila, ranar tara ruwan sha, ranar shigo da kwandon shara da abin tsalle-tsallen yara da ke bayan gida. Abin tsallen nan, duk guguwa sai an tsinto ɗaya a kan layin dogo. In kana da tafiya mai nisa ran nan, ka fara neman yadda za ka ɗaga ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan ja ya sauka, ba a gama ba. Gargaɗi yakan koma ruwan goro ko rawaya, iska tana nan, reshen da ya tsage yana rataye, wayar lantarki tana kwance a cikin ciyawa kuma tana iya kasancewa da wuta. Kada ka matsa kusa da ita. A Ingila da Sikotilan da Wales, lambar da ake kira idan wuta ta ɗauke ko aka ga waya a ƙasa ita ce 105, kyauta ce. Ayilan ta Arewa da Jamhuriya kowacce da tata lambar, ka nemo ta ka ajiye tun yanzu da sauran caji.

[Bidiyo: janareta a waje, nesa da taga]

Sai maganar janareta. Mu mun saba da shi, kuma wannan sabawar ce abin tsoro. Gidajen can a toshe suke ruf saboda sanyi, iska ba ta ratsawa kamar namu. Bayan Éowyn hukumomi sun yi ta jan kunne a kan hayaƙinsa, domin gubar da ke ciki ba ta da wari, ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Ko garejin mota kada ka sa shi, ko da ƙofa a buɗe. Haka murhun gawayi, komai tsananin sanyi, waje ne wurinsa.