Ina iyakar bakin ɗalibi a jami'ar gwamnati a Amurka?

Ranar 1 ga Oktoba, 1964, 'yan sanda suka kama wani matashi, Jack Weinberg, a harabar Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Laifinsa, ya kafa ɗan tebur yana neman goyon baya ga fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, alhali hukumar makaranta ta hana harkar siyasa a wurin. Aka jefa shi mota, amma motar ta kasa motsi. Ɗalibai suka kewaye ta suka zauna har kusan awa 32, masu jawabi suna hawa kanta ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗalibi, Mario Savio, sai da ya tuɓe takalmansa kafin ya hau.

To da me suka dogara? Da cewa Berkeley ta gwamnatin jiha ce. Gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 hannun hukuma ya ɗaure, ya hana ta toshe bakin mutane. Jami'ar gwamnati kuwa hukuma ce. Masu zaman kansu irin su Harvard da Columbia galibi dokar gidansu suke bi.

A 1972 Kotun Ƙoli ta ƙara fayyace zancen. Shugaban wata kwalejin gwamnati a jihar Connecticut ya ƙi amincewa da wata ƙungiyar ɗalibai masu adawa da yaƙin Vietnam. Kotu ta ce rashin son ra'ayinsu bai isa hujja ba. Wato ko maganar ɗalibi ta yi ɗaci kamar maɗaci, shugaban jami'a ba shi da hurumin hana ta don ba ta yi masa ba.

Amma kada a ɗauka an sakar wa ɗalibai mara baki ɗaya. Jami'a tana da ikon tsara lokaci da wuri da yadda za a yi zanga-zanga. Tana iya hana lasifika da tsakar dare, ta hana toshe ƙofar aji, ta hana mamaye ofis. Su kansu ɗaliban Berkeley, da suka mamaye ginin hukumar makaranta a Disamban 1964, kusan 800 aka kwashe. Barazana ga ran wani, ko tunzura jama'a su tayar da fitina nan take, waɗannan ma doka ba ta kare su.

Sharaɗin ɗaya ne, kuma a nan gizo ke saƙar: dole dokar ta hau kan kowa, ba tare da duba abin da yake faɗa ba.

Ku duba 2024, lokacin da ɗalibai suka kafa tantuna a jami'o'i da dama kan yaƙin Gaza. Hukumomi suka ce kwana a fili suka hana, ba magana ba. Ɗalibai suka ce ai tantin shi ne maganar. A Jami'ar Texas da ke Austin, ita ma ta gwamnati, an kama sama da mutum 50 ranar 24 ga Afrilu, daga baya masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar. In irin wannan ta kai gaban alƙali, abin da zai so ya sani shi ne: da wasu ɗalibai ne masu wani ra'ayi daban suka taru a filin nan, da su ma an kira musu 'yan sanda?