Nama na fito saya a Shin-Okubo, masoyan fim ɗin Koriya suka tare min hanya

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da hayaniyar da kuke ji a bayana, a Shin-Okubo nake, tasha ɗaya ce daga Shinjuku a layin jirgin Yamanote, kuma wallahi raina a ɓace yake. Nama kawai na fito saya fa. Akwai wani ɗan lungu dab da tashar nan mai shagunan 'yan Bangladesh da Nepal da Pakistan, nan nake samun kaza ta halal da daskararriyar kuɓewa, amma kafin mutum ya fita daga tashar ma sai ya yi gumi, 'yan mata ne dankam kamar an buɗe makaranta, kowacce da waya a hannu, wasu sun ja layi har ya sha kwana wai jiran wani soyayyen abu suke mai cuku a ciki da ake sokewa a tsinke, yen 500 ko 600 guda ɗaya, kusan rabin kuɗin aikina na awa guda. Ke da za ki zo, ki tambaya kafin ki kai baki, da yawansu akwai naman alade a ciki. Unguwar 'yan Koriya ce nan a Tokyo, kuma rabin mutanen da kuke gani ɗin nan fim da waƙa ne suka kawo su.

To abin da ke ba ni haushi shi ne Japanawan nan suna da nasu fina-finan masu dogon zango da suka isa a kalla, amma hankalin matansu ya tafi maƙwabta. A wajen da nake ɗan aikin wucin gadi, inda muke zuba abinci a robobi ana kaiwa shaguna, akwai wata tsohuwa da ta yi jika da ni, ranar nan ta buɗe lokarta sai na hango hoton wani mutum da tabarau da mayafin sanyi a wuya, hoton har ya koɗe. Nace mata mijinki ne? Ta rufe baki tana dariya har da hawaye, tace ina, Yon-sama ne. Bae Yong-joon kenan, jarumin Winter Sonata. A 2002 aka yi fim ɗin a Koriya, tashar talabijin ta NHK ta nuna shi nan a 2003, da mutumin ya zo Tokyo a 2004 dubban mata ne suka cika filin jirgin Haneda, yawancinsu iyaye mata ba 'yan mata ba. Sama da shekara ashirin kenan baiwar Allahn nan tana ajiye da hoton, kuma saboda shi ta shiga ajin koyon yaren Koriya. Labarin kuwa me ye? Mota ta buge saurayi, ya manta komai, ya dawo da wani suna, ana zargin shi da budurwar ubansu ɗaya, a ƙarshe ya makance. Haba jama'a.

Kuma ku duba ikon Allah, ƙasashen nan biyu ba wani shiri suke ba. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, zafin abin ya sa Koriya ta Kudu ta hana shigo da fim da waƙar Japan tsawon shekaru, sai a 1998 zamanin shugaba Kim Dae-jung aka fara sassautawa kaɗan-kaɗan. 'Yan siyasa na ta ja-in-ja kan tsibiri da tarihi, tsofaffi mata kuma na kuka a gaban talabijin.

Kar ku ce ƙiyayya ce, ni ɗin nan da fim ɗin Koriya Jumong na tashi. Kashi 81 ne, a faifai muka kalla, wanda ake cusa kashi goma sha a ciki hoton duk ya dagule, fassarar Turancin da ke ƙasa ma wani lokacin ba ta da kai ba ta da gindi, a ɗauke wuta ana tsakiyar yaƙi mu bi yayanmu da magiya ya tada janareta. Daga nan sai na Jang-geum, yarinyar da ta fara a kicin ɗin fada ta ƙare likitar sarki, kashi 54, Ummanmu da ba ta kallon komai sai da ta zauna saboda girke-girken. Don haka na san daɗinsu. Mutanen nan sun iya kama zuciya, sun san inda za su yanke kashi su bar ki da cizon yatsa ƙarfe biyun dare.

Amma zuwa yanzu na haddace su. Yaro ɗan mai kamfani, yarinya talaka mai aiki uku, uwarsa ta kira ta shagon shan shayi ta turo mata ambulan na kuɗi tace rabu da ɗana, in ta ƙi a watsa mata ruwa a fuska. A kashi na takwas za a riƙe hannu ko a yi abin da ya fi haka, wajen na goma sha biyu a rabu ba dalili, babbar mota fara ta taho ta buge wani a kan titin da babu kowa, sai kuma a gano ashe sun taɓa haɗuwa suna yara. Akwai wanda aka yi a 2014 da uwa ta ɗebo kimchi, kabejin nan nasu mai yaji, ta shararawa tsohon surukinta a fuska, har yau ana yawo da bidiyon. Ga talla a tsakiyar labari, ana cikin tashin hankali sai kowa ya tsinci kansa a shagon Subway yana cin burodi yana yaba shi, a fim ɗin Goblin har abin ya zama abin dariya. Giya kuwa ba a magana, koren kwalbar soju ɗin nan sai ta fito ko murna ake ko baƙin ciki, a sha a bugu a goya yarinya a baya a kai ta gida. Kashi 16, kowanne awa ɗaya da wani abu, ina ɗalibi mai aiki zai samu wannan lokacin?

Na Japan kashi goma ne ko sha ɗaya, minti arba'in da 'yan kai in an cire talla, an gama. Sau huɗu a shekara suke zuba sababbi, Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, wata uku labari ya ƙare kowa ya kama gabansa. Wanda ya juya min kai shi ne Hanzawa Naoki na tashar TBS, 2013. Ku saurara fa, ba soyayya, ba takobi, ma'aikacin banki ne kawai. Manajan reshensu a Osaka ya matsa aka ba wani kamfanin ƙarfe bashin yen miliyan 500 ba jingina, kamfanin ya durƙushe, sai manajan ya zame ya ɗora masa laifin. Shi kuma mutumin nan ba ya yafiya, maganarsa ɗaya ce, wanda ya yi masa sai ya rama ninki biyu. Uban sa mai ƙaramar masana'antar kusoshi ne da banki ya janye masa bashi har ya kashe kansa, to da wannan ciwon ya shiga aikin bankin. Duk faɗan a ɗakin taro ake yi da takardu da hatimi, amma zuciyata bugawa take kamar ana kokawa. A kashin ƙarshe ya tilasta wa wani babban darakta ya durƙusa a gaban kowa ya kai goshi ƙasa, ku ga yadda gwiwar mutumin ke rawa yana ƙin lanƙwasuwa, jijiyar wuyansa ta tashi, fuska ta yi ja, ya fi minti yana fama da kansa. Sai da na zauna a ƙasar nan na ga yadda ƙaramin ma'aikaci ke sunkuyawa shugabansa ko a waya suke magana sannan na gane nauyin abin. Kashi 42.2 cikin ɗari na gidajen yankin Tokyo suka kalli wannan daren. Kuma kun san sakayyar da aka yi masa? Aka tura shi wani ƙaramin kamfanin bankin, daraktan kuma aka ɗan rage masa muƙami kawai. Na jefar da filo, amma haka ofis yake.

Akwai kuma masu sanyi. Midnight Diner, wani ɗan shagon abinci a lungun Shinjuku da ke buɗewa sha biyun dare zuwa bakwai na safe, mai shagon da tabo a fuska, miyar alade ce kawai abincin da ke rubuce a bango (mu dai sai kallo) amma duk abin da ka ce ya dafa maka zai dafa in yana da kayan. Direban tasi, 'yar rawa, ɗan daba, kowa ya zo da abincin da ke tuna masa wani. Minti ashirin da 'yan kai. Sai Kodoku no Gurume da aka fara a 2012, wannan ma ya fi ban mamaki, wani dogon mutum ɗan kasuwa ne yake yawo, yunwa ta kama shi, ya shiga shago ya ci abinci shi kaɗai yana magana a zuci, shi kenan labarin wallahi, kuma shagunan na gaske ne, ko giya ba ya sha. Da a gida aka nuna min da nace wannan wane irin rashin aikin yi ne. Yanzu da nake dawowa ɗakina da ko miƙe hannu biyu ba na yi sosai, in zauna ni kaɗai da shinkafa a roba, shi nake kunnawa mu ci tare.

Ba wai ba su da aibu ba. Wani lokacin wasan nasu ya yi yawa, a zaro ido a wage baki ana ihu kamar zanen katun, haske kuma fau kamar a asibiti, kuma dole a ƙarshen kashi wani ya tsaya ya yi wa kowa wa'azi na minti biyar ana kiɗa a ƙasa. Soyayyarsu kuwa sai ki tsufa kina jira, a kashi na tara ne zai iya kiran sunanta. Babbar matsalar ma ba a samun su a waje, gidajen talabijin ɗin nan sun daɗe suna riƙe kayansu ƙam, kasuwar gida ta ishe su. 'Yan Koriya kuwa tun farko waje suka nufa, ga kuɗi, a 2023 Netflix ta sanar za ta zuba dala biliyan 2.5 a fina-finansu cikin shekara huɗu. Ta ina za a haɗa?

Shi ya sa muka yi musu da ƙanwata a waya, tace Yaya ai Japan ba su iya labari ba, ki kalli Boys Over Flowers ki ga soyayya. Nace ke yarinya zauna, wannan labarin nasu ne, littafin zane ne na wata Bajapaniya tun 1992, Taiwan suka yi a 2001, Japan suka yi nasu a 2005, sai 2009 Lee Min-ho ɗinki ya naɗe gashi ya fito. Mother ma, na malamar da ta gudu da ɗalibarta saboda azabar da ake gana mata a gida, Japan ne 2010, Turkiyya suka ɗauka a 2016, Koriya a 2018. Shiru ta yi. Su ma Japan ɗin suna ɗauka, Itaewon Class suka mayar Roppongi Class a 2022, na kalla amma bai kama ƙafar na asali ba, wannan kam na ba Koriya.

Inda Koriya ta gama da ni gaba ɗaya shi ne Reply 1988. Gidaje biyar a lungu ɗaya a unguwar Ssangmun-dong ta Seoul, iyaye mata na zaune a dakali suna gyaran ganye suna gulmar mazajensu. A kashin farko lokacin cin abincin dare ya yi, wannan uwar ta miƙa wa ɗanta kwano tace kai gidan su wane, can ma a juye a zuba wani abu a dawo da shi, yaran suka yi ta karo da juna a tsakiyar lungu kowa da kwano a hannu fuska a murtuke, gidan da uba da ɗa ne kawai ba uwa kafin ka ce me teburinsu ya cika. Jama'a wannan ai layinmu ne da azumi, ana gab da shan ruwa Umma ta ɗora min kwanon ƙosai tace maza kai gidan Hajiya, in dawo da kunun tsamiya yana ƙona min hannu. Tsayar da fim ɗin na yi na kira gida. Nan kuwa maƙwabcina na jikin bango ko fuskarsa ban sani sosai ba, tarinsa kawai nake ji.

Af, na manta Oshin, iyayenmu wasu sun san shi. NHK ce ta yi a 1983, kashi 297 amma kowanne minti 15, yarinya 'yar shekara bakwai a Yamagata da aka bayar aikatau a kan buhun shinkafa, aka ɗora ta a kan katakon da ke bin kogi cikin ƙanƙara tana kiran uwarta. Gidajen da suka kalle shi sun kai 62.9 cikin ɗari a nan, Iran da Masar ma sun haukace a kansa. Har yau wannan tsarin na nan, ƙarfe takwas na safe minti 15, wata shida ana labari ɗaya, ni da shi nake gyara yarena kafin in fita, yanzu har ina gane tsofaffi in suna magana, ba yabon kai ba, abokan karatuna da suka riga ni zuwa ma ni suke tambaya.

Gargaɗi na ga masu shirin farawa, waɗanda Netflix ke yi da kuɗinta ba irin na talabijin ba ne, na Koriya da na Japan duka, kar ki ga Squid Game wasan yara ne a hoto ki kunna a falo gaban Abba, akwai jini akwai abin kunya, ki fara dubawa ke kaɗai. Kuma 1 Litre of Tears na 2005, na yarinyar da cutar ƙwaƙwalwa ke cinye mata tafiya da magana a hankali, labarin gaske ne daga littafin da ta rubuta da hannunta, kar wanda ya kalle shi a jirgi. Jiragen nan shiru ne kamar masallaci, jan hanci ɗaya kowa ya ji. In kina Japan ki sauke manhajar kallo ta TVer, kyauta ne, sai dai yawanci mako guda suke barin kashi su cire, kuma ba fassarar Turanci, ke da kunnenki ne. Ni ma akwai wanda zai fita gobe ban kalla ba, ga aikin safe, bari in yi sauri. Sai mun haɗu.