Kundin da Ya Tsira a Cikin Waya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Makon jiya wani malami ɗan Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani a jihar Sinnar ta Sudan, da ke koyarwa a ɗaya daga cikin jami'o'in gabashin Sudan, ya gayyace ni zaman wani kwamiti da tsangayarsu ta kafa. Aikin kwamitin shi ne ya ga binciken malamai da ɗalibai ya shiga rumbun intanet, inda kowa zai karanta ba tare da ya biya ko sisi ba. Da Larabci ana ce masa alwusulul hurr. Da na ji, sai na ce a raina: ana ta kai, wa yake ta kaya? Mutanen da yaƙi ya tarwatsa, wasu a Kassala, wasu a Gadarif, wasu a Masar, wannan ne ya dame su?

Wata malama ce ta rufe mini baki. Ta ajiye wayarta a kan tebur, gilashin duk ya tsattsage, ta ce kundin digirinta na biyu kwafi uku ta ɗaure, baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Ɗaya na ɗakin karatu, ɗaya na malamin da ya duba ta, ɗaya a kabad ɗinta a Khartum. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ba ta sake ganin ko ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne babi huɗu da ta taɓa tura wa ƙawarta ta WhatsApp don ta gyara mata kurakurai. Babi na biyar, inda sakamakon yake, ya tafi.

Ba ita kaɗai ba ce. A shekarar 2023 wuta ta cinye ɗakin karatun Cibiyar Muhammad Umar Bashir ta nazarin Sudan da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman. Jami'ar Khartum, wadda tushenta ke komawa Kwalejin Gordon ta 1902, ta tsinci kanta a tsakiyar fagen daga. Jami'ar Jazira ta watse da aka kama Wad Madani, birnin da take, a Disambar 2023. Abin da aka riga aka ɗora a intanet, aka kuma ajiye kwafinsa a wani wuri, shi ne yawanci ke hannun mutane yau.

Maganar ba sabuwa ba ce. Masana kimiyyar fiziya sun fara zuba rubuce-rubucensu kyauta a rumbun arXiv tun 1991. A 2002 aka fitar da sanarwar Budapest mai kiran a buɗe bincike kyauta ga kowa, a 2003 ta Berlin ta biyo baya, duk kan hujja ɗaya: malami ya yi bincike da kuɗin al'umma, ya ba mujalla kyauta, wani malamin ya tace mata kyauta, sannan kamfanin ɗab'i ya juyo ya sayar wa jami'ar da tsada. A nan Afirka muna da rumbun AJOL tun 1998, mai ɗauke da ɗaruruwan mujallun nahiyar.

Sai dai kada kwamiti ya ɗauka komai zuma ne. Manyan kamfanonin sun yarda a buɗe, amma sun mayar da kuɗin kan marubuci. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya a 2021. Wane malami ne a Sinnar zai iya wannan? Wasu kamfanonin kan yafe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma sai an nema, kuma malamai da yawa ba su san ana nema ba. Ga kuma mujallun bogi da ke cika akwatin imel da daɗin baki, ka biya yau, a buga jibi, babu wanda ya tace. Mai neman ƙarin girma cikin gaggawa shi ne abincinsu.

A ganina, kwamitin ya fara da abin da ke hannunsa. Kada a sa wa ɗalibi hannu a takardar kammalawa sai ya miƙa kundinsa a kwamfuta. Kuma kada rumbun ya zauna a na'ura ɗaya a ginin da ɗakin karatu yake, don wutar da ta ci takarda ba za ta bar na'ura ba.

Mu Hausawan Sudan muna da namu rabon a ciki. Fiye da shekara ɗari ke nan da kakanninmu suka sauka bakin Kogin Nilu Shuɗi bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawan mulkin mallaka a 1903. An yi kundaye a kan Hausarmu da tarihinmu da nomanmu, amma ɗalibi a Kano ko Sakkwato kan sha wahala kafin ya ga ɗaya, haka ɗan Mai Wurno kan rasa abin da aka rubuta a Zariya a kan kakansa.

Kafin a tashi, shugaban kwamitin ya ce wa malamar, "Dakta, kawo babi huɗun nan, da su za mu buɗe rumbun." Ta ce sai dai a jira a kawo wuta, wayar saura kashi shida.