Zane a takarda ya sa ni jiri a Hague

Jama'a salamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau ga ni a Hague ƙasar Holan, ku yi haƙuri in kun ga kyamara na rawa, hannuna ne wallahi, yanzun nan na fito daga gidan zane-zanen Escher, wani mai zane ɗan Holan. Ginin nan da ke bayana da can fadar Sarauniya Emma ce, nan take zama da hunturu, a 2002 aka mai da shi na aikin mutumin.

Ni dama na san kaina da tsoron bisa, tun muna yara in aka je hawan Dutsen Dala a rabi nake zama in ce ƙaya ce ta soke ni. Amma takarda fa? Takarda cikin gilashi a jikin bango?

Akwai wani da ya yi a 1928, hasumiyar Babila, a katako ya sassaƙa sannan ya buga. Ya ɗora ka can sama kamar shirwa kana leƙowa, ginin na ta tsukewa yana tafiya ƙasa, magina 'yan mitsi-mitsi a ƙolin, kai kuma ba inda ka taka. Tafin hannuna sai da ya jiƙe sharkaf, na ja da baya har na kusa take ƙafar wata tsohuwa.

Wanda ya fi tsaya min a rai na 1953 ne, na matattakala. Mutanen ciki ba su da fuska sam, kai sumul kamar ƙwai, biyu na kan matattakala ɗaya sun nufi waje guda amma ɗaya hawa yake ɗaya sauka, abin da yake bango a wajen wannan shi ne daɓen da wancan ke takawa. Ido na ta neman ina ne ƙasa ya rasa, cikin kunne kuwa, inda ke riƙe daidaiton jiki, na cewa ai a tsaye kake malam, to wannan gardamar tasu ita ce hajijiyar. Kuma su mutanen ko a jikinsu, harkarsu kawai suke, wannan ya fi ba ni tsoro.

Abokina wai gobe mu wuce Rotterdam mu hau hasumiyar Euromast, mai tsayin mita 185. Na ce Allah ya ba da sa'a, a gaida na sama. Ni da matattakalar gidan da nake haya ma a tsaye take kamar tsani, hawa na uku nake, yau kam da hannu bibbiyu zan kama ƙarfen.