Yaƙin da ke biyo soja har gida

[Hoto: teburin mai shayi bayan sallar isha'i]

Ka ɗauka kana zaune wurin mai shayi. Kusa da kai akwai maƙwabcinka, kofur ne, watansa biyu da dawowa daga Borno. Kullum ƙarshen benci yake zama, bayansa jingine da bango, idonsa a kan titi. Can sai tayar wata tirela ta fashe. Kowa ya zabura, aka yi salati, hira ta ci gaba. Shi kuwa kofur yana ƙasa rub da ciki, shayinsa ya kife, hannunsa na laluben bindigar da ba ta nan. Yara suka ƙyalƙyale da dariya. Washegari bai fito ba.

A unguwa kowa da fassararsa. Wani ya ce jinin da ya zubar ne ke bibiyarsa, wata ta ce gamo ya yi a daji, wasu su ce ƙwaya ce kawai. Likitoci suna kiran abin PTSD, wato ciwon firgicin da ke saura a jikin mutum bayan ya ga tashin hankali.

[Hoto: zanen ƙwaƙwalwa]

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi ne. Da ya ji alamar haɗari sai ya sa zuciya ta hau bugu, jijiyoyi su ɗaure, tun kafin mutum ya tsaya tunani. A hanyar Damboa da ke Borno, inda ake iya binne bam a ƙarƙashin kowane tudun yashi, wannan maigadin ne ke cetar rai. Soja ya shafe shekara biyu ko uku a haka, sannan a ce masa ya koma gida ya yi barci. Ƙafarsa ta iso gida, amma maigadin bai samu labari ba. Shi ya sa ƙaurin nama a wurin mai tsire, ko harbin 'yan bindiga a hawan sallah, kan mayar da shi fagen daga cikin ƙiftawar ido.

Yawancin waɗanda suka ga bala'i suna warwarewa da kansu cikin makonni. Likita kan fara zargin PTSD ne idan abin ya wuce wata guda: mugun mafarki, gudun duk abin da zai tuna masa, saurin fushi, da wani irin mutuwar zuciya har ɗansa ya rungume shi ya ji ba komai. Wani kuma girgizar bam ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ko ta kashe masa kunne ba tare da ɗigon jini ya fita ba, sai a riƙa cewa ya zama miskili.

[Hoto: tsofaffin hotunan sojoji]

Duniya ta daɗe kafin ta yarda ciwo ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta harbe sojojinta 306 kan laifuffuka irin su ragwanta da gudu daga fagen fama, cikinsu har da masu wannan lalura. Sai a 2006 aka yi musu afuwa. Sunan PTSD ma bai shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai a 1980, bayan tsofaffin sojojin Biyetnam sun matsa lamba.

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan hanya. Rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan Burma, kuma Hausa ce yaren bariki a wancan zamani. Da suka dawo, ko haƙƙinsu na kuɗi sai da suka bi da ƙafa. Ranar 28 ga Fabrairun 1948, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe uku daga cikin 'yan mazan jiya da suka yi tattaki a Akra, babban birnin Ghana ta yau, don kai kuka. Wanda aka hana kuɗinsa, wa zai tambaye shi yadda ya kwana? Bayan su aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, aka tafi Laberiya da Saliyo da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ga kuma Boko Haram tun 2009.

[Hoto: ƙofar asibitin 44, Kaduna]

To yau me ke ƙasa? Akwai asibitin sojoji na 44 a Kaduna, inda ake kai da yawa daga waɗanda suka ji rauni a Arewa maso Gabas, da na 68 a Yaba, Legas. Akwai DHML, kamfanin da ke kula da inshorar lafiyar sojoji har da waɗanda suka yi ritaya. Akwai cibiyar Oshodi da ke koya wa masu shirin ajiye kaki sana'a. Ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. A 2023 ɗin dai Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga wasannin Invictus na sojoji masu rauni, har Yarima Harry na Birtaniya, wanda ya kafa wasannin, ya zo asibitin 44 a watan Mayun 2024.

A takarda abin ya yi kyau. Sai dai ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Tsohon sajan da ya koma ƙauyensu, kuɗin mota zuwa Kware kaɗai ya isa ya sa shi haƙura. Kuma mun sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Mutumin da ke bin fansho ba zai sa ganin likitan ƙwaƙwalwa a gaba ba.

Ni a ganina babban shingen ma yana cikin bariki. Wanda aka yanke wa ƙafa, kowa na sara masa. Wanda ke farkawa da ihu kuwa tsoro yake kada a rubuta a fayil ɗinsa, a karɓe masa bindiga, ƙarin girma ya wuce shi. Sai ya koma yi wa kansa magani da tiramol, ko giya, ko ƙwayar barci ta kemis. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: matarsa ce ke sanin ƙarfe nawa yake tashi ya zagaya gida yana duba sakata.

[Hoto: ɗakin ganin likita]

Ciwon yana jin magani. Wanda ya fi aiki shi ne zama da ƙwararre, galibi sau 8 zuwa 15, ana bin abin da ya faru daki-daki a wuri mai aminci, har maigadin nan ya gane cewa an gama. Akwai kuma magunguna irin su sertraline, waɗanda sai sun yi makonni kafin a ga amfaninsu. Ƙwayoyin barci dangin Valium kuwa likitoci ba sa ba da shawararsu a wannan ciwo, don kama jiki suke yi. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, kamar yadda ba su hana kai karaya wurin ɗori.

Uwargida, idan yana cikin mugun mafarki kada ki taɓa shi kwatsam, tsaya daga nesa ki kira sunansa. Idan ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ko yana raba kayansa, a kawar da makami da ƙwayoyi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Idan kuma ya ƙi jin zancen likitan ƙwaƙwalwa, kada a ja da shi. A ce masa a je a duba rashin barcin nan. Soja da yawa da ba zai taɓa cewa yana jin tsoro ba, zai yarda ya gaya wa likita cewa rabonsa da barcin kirki tun Damboa.