Sharhi: Ɗakin igwa mai juyawa, turke ko gargare?

Jama'a masu sauraro, kafin 1860 igwogin jirgin yaƙi a jere suke a haƙarƙarinsa. In za a yi saiti, sai an karkata jirgin baki ɗaya. Mutum biyu suka ce igwar ce ya kamata ta juya: Cowper Coles na rundunar ruwan Ingila, da John Ericsson, ɗan Suwidin mazaunin Amurka. Inda suka sha bamban shi ne abin da zai ɗauki nauyin ɗakin ƙarfen da igwar ke ciki.

Ericsson turke ɗaya na ƙarfe ya kafa a tsakiya. A jirginsa Monitor, faɗin ɗakin ƙafa 20 ne daga ciki, bangonsa faranti takwas na ƙarfe, kowane inci ɗaya, ga igwa biyu masu bakin inci 11. Zaune yake daram a kan dandamalin jirgi. Sai an buga weji, wato ƙarfe mai tsinin baki, an ɗaga shi, sannan injin tururi ya juya shi.

Ranar 9 ga Maris 1862, a karon Monitor da Virginia, jirgin 'yan Kudu a yaƙin basasar Amurka, a mashigin ruwan Hampton Roads, aibin ya fito. Tayar da ɗakin da wuya, tsayar da shi daidai saiti ya fi wuya, har mayaƙan suka koma harbi yana cikin juyawa. Farin alamun da aka zana a ƙasa don gane gaba da baya suka goge. Ga kuma tazarar da ke tsakanin ɗaki da dandamali, ƙofar ruwa ce. A ƙarshen Disamban shekarar Monitor ya nutse kusa da Cape Hatteras, a gaɓar gabashin Amurka, da mutum 16.

Coles kuwa a kan zoben gargare ya ɗora nasa, gindin ɗakin a nutse ƙarƙashin dandamali. Nauyi ya rarrabu, ba ɗagawa, ba weji. A ganinmu dabararsa ta fi, kuma ita jiragen baya suka bi. Kuskurensa a jirgin yake: ya nace a haɗa ɗakunan igwa da dogayen sanduna masu ƙyallen kama iska a jirgin Captain, wanda nauyi ya danne shi har gefensa bai kai ƙafa bakwai sama da ruwa ba. A Satumban 1870 guguwa ta kife shi daura da Cape Finisterre a gaɓar Sifen, mutum kusan 480 suka halaka, har da Coles.

Jirgin Ingila Devastation da aka saka a ruwa a 1871 ba ƙyalle ko ɗaya: tururi zalla, ɗaki ɗaya gaba, ɗaya baya, ba igiyar da za ta tare bakin igwa.